Kwanon Abinci da Ciwon Daji: Abin da Kwatancin Al'ummai Ya Nuna

A watan Fabrairu na shekarar 2024, hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda ke zaune a birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta fito da wani lissafi mai tsai da hankali. Ta ce a shekarar 2022 mutum wajen miliyan 20 ne suka kamu da ciwon daji a duniya, miliyan 9.7 kuma suka rasu. Ta ƙara da cewa zuwa shekarar 2050 sababbin masu kamuwa za su haura miliyan 35 a shekara, kuma ƙasashe matalauta ne ƙarin zai fi yi wa nauyi. A Nijeriya kaɗai an ƙiyasta fiye da mutum 120,000 suna kamuwa kowace shekara.

Duk sa'ad da irin wannan labari ya fito, zancen abinci ne ke biyo bayansa. Wani ya ce kakanninmu ba su san ciwon nan ba domin tuwon dawa da miyar kuka suka ci. Wani ya turo saƙo ta waya cewa mutanen ƙasa kaza ba sa ciwon daji saboda suna shan wani ganye. Waɗannan maganganu duka daga hanya guda suka fito, watau a ɗauki al'umma biyu, a duba abin da kowace ke ci, a duba ciwon da kowace ke yi, sa'an nan a yanke hukunci. Masana ma da wannan hanya suka fara. Bari mu duba, 'yan'uwa masu karatu, inda ta kai su da kuma inda ta yaudare su.

Wanda ya fi kowa yin suna da ita shi ne Likita Denis Burkitt, mutumin Ailan ta Arewa, likitan fiɗa da ya zo Yuganda a 1946, daga baya ya yi aiki a asibitin Mulago a Kamfala. A 1958 ya bayyana wani irin ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda har yau ake kira da sunansa. A 1961 shi da abokansa biyu, likitocin mishan, suka hau wata tsohuwar mota suka yi tafiyar mil 10,000, suka zaga asibitoci fiye da 50, suna tambaya ko ana ganin ciwon. Da suka zana taswira, sai ga shi ciwon yana bin wurare masu zafi da yawan ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Taswira ta yi aikinta, Burkitt kuwa ya ƙara amincewa da ita.

Da ya koma Ingila a 1966, sai ya juya tambayar. Me ya sa ciwon dajin babban hanji, wanda ya cika asibitocin Ingila, da ƙyar ya taɓa ganinsa a shekaru 20 da ya yi a Afirka? Ya riƙa aika takardun tambaya zuwa asibitocin karkara, mafi yawansu na mishan. Bai tsaya nan ba. Shi da abokan aikinsa suka auna bayan gidan mutane a kan sikeli, aikin da ba kowane babban likita zai yarda ya yi ba. Suka tarar na mutumin ƙauye a Yuganda ya kusa ninka na Bature sau huɗu a nauyi, kuma abinci yakan ratsa cikinsa cikin kwana ɗaya da rabi, alhali na Bature yakan kwana uku ko fiye. A 1971 ya ba da bayaninsa: Turawa sun cire dusa daga hatsinsu, suna cin farin gari da sukari, saboda haka ƙazanta takan daɗe tana zaune a jikin hanji. Abin da yake nufi da dusa shi ne duk sashen abinci da ciki ba ya narkarwa, kamar ɓawon hatsi da na wake da zaren ganye.

A 1975 wasu masana biyu, Bruce Armstrong da Richard Doll, suka faɗaɗa abin. Suka jera yawan kamuwa da ciwon daji a ƙasashe 23 da yawan mutuwa a ƙasashe 32, suka gwada da abincin kowace ƙasa. A zanen da suka yi na nama da ciwon dajin babban hanji, Niyu Zilan da Amurka suna can sama, Nijeriya da Japan suna ƙasa, sauran kuwa sun jeru a tsakani kamar an ja musu layi. Haka kuma kitse da ciwon dajin nono suka jeru. Shekara shida bayan haka, Doll da Richard Peto suka rubuta wa majalisar dokokin Amurka rahoto, suka ƙiyasta cewa abinci ne sanadin kashi 35 cikin 100 na mutuwar ciwon daji a ƙasar. Wannan adadi ya zaga duniya. Abin da bai zaga tare da shi ba shi ne gargaɗin da su da kansu suka haɗa, cewa gaskiyar tana iya zama ko'ina tsakanin kashi 10 da kashi 70.

Akwai wanda zai ce, to ai jini ne, kowace al'umma da irin halittarta. Amsar wannan ta fito daga Japanawan da suka yi ƙaura zuwa Hawai da Kalifoniya. A ƙasarsu ciwon dajin tumbi ne ya yi yawa, na babban hanji da na nono kuwa kaɗan ne. William Haenszel da wani abokin aikinsa ɗan Japan suka nuna a 1968 cewa na babban hanji yakan hau tun a kan waɗanda suka yi ƙaurar, na tumbi yana sauka a hankali. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa na nono kuwa sai a kan 'ya'ya da jikoki ya fi bayyana. Jini bai sake ba, wurin zama da kwanon abinci ne suka sake. A ganinmu wannan ita ce babbar nasarar kwatancin al'ummai, gama ta tabbatar da cewa kaso mai yawa na ciwon daji abu ne da za a iya kauce masa.

Amma sanin cewa wani abu a cikin zaman mutane ne sanadi daban yake da sanin wane abu ne. A nan ne hanyar ta fara tuntuɓe. Ƙasar da ke cin nama da yawa ita ce kuma mai yawan motoci, mai yawan zama a kujera, mai yawan ƙiba da shan barasa, wadda matanta ke jinkirta haihuwa su haifi 'ya'ya biyu. In mutum ya ga dama zai iya jera yawan akwatin talabijin da ciwon dajin nono, layin ya fito sambal. Lissafin abincin ma da aka yi amfani da shi na abin da ƙasa ta noma ne da wanda ta shigo da shi, an raba da yawan jama'a, ba wanda ya leƙa tukunyar kowa. Ga kuma batun ƙidaya. Adadin da aka rubuta wa Nijeriya a wancan zane daga rajistar ciwon daji ta Ibadan ya fito, wadda aka kafa a 1960. Gari guda ne ya tsaya a madadin ƙasa duka. Mutumin da ya rame ya mutu a ƙauye, aka ce sammu ne ko ciwon ciki, bai shiga littafin kowa ba. Sai kuma shekaru: ciwon daji ya fi kama manya, rabin 'yan Nijeriya kuwa ba su kai shekara 20 ba, alhali rabin mutanen Japan sun haura 45. Masana sukan gyara lissafinsu domin wannan bambanci, mai hira a bakin kasuwa ba ya gyarawa.

Saboda haka aka koma bin mutane ɗaya ɗaya. A Amurka an fara bin ma'aikatan jinya mata 121,700 tun 1976, ana tambayarsu abin da suke ci. A 1987 sakamako ya fito: masu cin kitse da yawa ba su fi masu cin kaɗan kamuwa da ciwon dajin nono ba. Daga baya aka yi gwaji mai tsada ƙwarai da mata 48,835, aka sa wani kaso ya rage kitse har wajen shekara takwas. A 2006 aka ba da rahoto cewa bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Layin nan mai kyau na 1975 bai tsaya a gaban gwaji ba. Abin da ya tsaya shi ne ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, da barasa, da yawan haihuwa da shayarwa.

Wani kuskuren har ya jawo asarar rai. An lura cewa masu cin karas da ganye ba su cika ciwon dajin huhu ba, sai aka ɗauka wani sinadari ne mai suna bita-karotin ke kāre su, aka mai da shi ƙwayar magani. A ƙasar Finlan aka gwada shi a kan maza masu shan taba 29,133. A 1994 aka tarar waɗanda aka ba ƙwayar sun fi kamuwa da kashi 18 cikin 100. Irin wannan gwaji a Amurka dole aka dakatar da shi a 1996, da ƙarin ya kai kashi 28. Wannan labari ya kamata ya zo wa mutum a rai duk ranar da aka tallata masa kwalba mai tsada da sunan maganin hana ciwon daji.

Ciwon dajin tumbi kuwa ya koya wani darasi dabam. An daɗe ana danganta yawansa a Japan da Koriya da cin gishiri da kifin da aka jiƙa a gishiri, kuma akwai gaskiya a ciki, domin ya ragu a ƙasashe da yawa tun da firji ya shiga gidaje. Amma a 1982 likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka ware wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta da ke zaune a tumbi, a 1994 kuma aka tabbatar tana jawo ciwon daji. Babban mai laifi ashe ba ya cikin jerin abincin da ake kwatantawa. Mu ma labarin ya ratso ta wajenmu. A 1992 wani likita da ya yi aiki a Maiduguri, C. Holcombe, ya rubuta cewa mafi yawan mutanen da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar, amma ciwon dajin tumbi bai yi yawa ba. Wasu suka nemi bayani a abinci ko a tsutsar ciki. Wasu masanan kuma suka amsa cewa ba ciwon ne babu ba, na'urar leƙa tumbi ce ta yi ƙaranci.

To, ina aka kwana da dusar Burkitt? Ta sha wuya, amma ba ta faɗi ba. Gwaje-gwaje biyu a Amurka a shekarar 2000 sun nuna cewa ƙara wa dattawa dusa na 'yan shekaru bai hana tsiron da ke zama ciwon daji a hanji sake fitowa ba. A 2003 kuwa wani babban bincike na mutum kusan 520,000 a ƙasashen Turai 10 ya nuna masu cin dusa da yawa sun fi tsira. Da aka haɗa bincike da yawa a 2011, an ƙiyasta cewa kowane giram 10 na dusa a rana yana rage haɗarin da kimanin kashi 10 cikin 100. Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne na Likita Stephen O'Keefe a 2015. Ya ɗauki baƙar fatar Amurka 20 a birnin Pittsburgh da mutanen karkara 20 a KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, aka yi musu musayar abinci na mako biyu. A cikin baƙar fatar Amurka ciwon dajin babban hanji yakan kama wajen mutum 65 cikin 100,000, a karkarar Afirka ta Kudu kuwa bai kai 5 ba. Cikin mako biyu kacal alamun kumburi a hanjin Amurkawan suka ragu da cin masara da wake, na 'yan Afirkan kuma suka ƙaru da cin soyayyen nama da dankali. Mutum 40 ne, alamu kuma aka auna, ba ciwon kansa ba. Duk da haka, mutumin birni da ya bar tuwon dawa da fate da wake ya koma farin burodi da taliyar leda da lemon kwalba yana yin irin musayar nan ce a jikinsa, kuma ba ta mako biyu ba.

A kan nama, maganar tana bukatar awo. A cikin mabiya ikilisiyar Adbentis a Amurka da Kanada, waɗanda yawancinsu ba sa shan taba ko barasa, an bi mutum fiye da 77,000, a 2015 aka tarar marasa cin nama sun kasa masu ci kamuwa da ciwon dajin babban hanji da kashi 22 cikin 100. A Ingila kuwa, binciken jami'ar Oksfod na 2009 ya sami akasin haka a kan wannan ciwo. A watan Oktoba na 2015 hukumar Liyon ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadarin adanawa, irin su naman gwangwani da tsiran alade, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, ta ce giram 50 kullum yana ƙara haɗari da kashi 18 cikin 100. Jaridu suka yi ta kururuwa cewa nama ya zama taba. Ma'anar adadin ita ce, inda mutum 5 cikin 100 za su kamu a tsawon rayuwa, za su zama kimanin 6. Abin lura ne ga mai ci kowace safiya. Ga gidan da nama ke shiga miya sau ɗaya a mako, akwai abin da ya fi wannan gaggawa.

Abin nan kuwa yana cikin rumbu. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyaɗa ce daga Birazil. A cikinta aka gano wata guba da funfuna ke haifarwa, aka sa mata suna afilatoksin. Funfunar nan tana son gyaɗa da masara, musamman in fari ya matsa wa shuka gab da girbi, ko ƙwari suka huda ƙwaya, ko aka ɗura amfani a buhu bai gama bushewa ba. A nan kwatancin al'ummai ya yi aiki mai kyau. A gundumar Murang'a ta Kenya, masu bincike suka karɓi abinci dafaffe daga gidaje a kan tudu da tsakiya da kwari, a 1973 suka nuna cewa inda guba ta fi yawa a kwano, nan ciwon dajin hanta ya fi yawa. Aka sami irin wannan a Suwazilan da Mozambik. Bambancin wannan da zancen kitse shi ne, da aka bi mutane ɗaya ɗaya, maganar ta ƙara ƙarfi. A birnin Shanghai an ɗauki fitsari da jinin maza 18,244 aka ajiye, aka jira. Wanda aka sami alamar guba a fitsarinsa, haɗarinsa ya ninka kamar sau 3. Mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kamar sau 7. Wanda ya haɗa biyun, kusan sau 60.

A sake karanta adadin nan na ƙarshe, sa'an nan a tuna cewa binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. A tuna kuma cewa gyaɗa da masara suna cikin kununmu da tuwonmu da ƙulinmu da yajinmu. Dafuwa irin ta gida ba ta kashe gubar. In an matse mai, yawancinta a tunkuza take zama. Mun kuma san abin da akan yi a gidaje da yawa: a tsince mai kyau a kai kasuwa, a bar tsumburarriya da fasasshiya da mai baƙi-baƙi domin miyar gida, ko a sayar da ita da araha ga masu ƙuli. A cikin waɗannan ƙwayoyin ne gubar ta fi taruwa. In ta yi yawa ainun ba ta jiran shekaru. A gabashin Kenya a 2004 masara mai funfuna ta kwantar da mutum 317, ta kashe 125.

Shaidar da ta rufe bakin masu shakka ta fito daga gundumar Qidong ta ƙasar Sin, inda ciwon dajin hanta ya yi ta ɗaukar magidanta. Masara ce abincinsu, har sai da gwamnati ta sassauta dokokin noma da ciniki a shekarun 1980, mutane suka koma shinkafa. Guba ta ragu ƙwarai a jininsu, mutuwar ciwon dajin hanta kuma ta sauka da kusan rabi, har a cikin waɗanda aka haifa kafin zuwan allurar rigakafi.

Mu ba za mu bar masara da gyaɗa ba, ba a kuma ce mu bari ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Nijeriya a 2014. Funfuna ce marar guba da ake watsawa a gona kafin shuka ta yi fure domin ta kori mai gubar, kuma gwaje-gwaje sun nuna tana rage guba da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Matsalarta ita ce manomi zai kashe kuɗi a kan abin da ido ba ya gani, mai saye a kasuwar ƙauye kuwa ba ya ƙara masa ko kwabo domin masararsa ba ta da guba. Muddin ba a biyan bambancin, kamfanonin abincin kaji da masu fitar da kaya waje ne za su fi cin moriyarsa, mai cin tuwo a gida ya zo daga baya. Wannan aiki ne na hukumomin noma da na lafiya, kuma a ganinmu sun yi sanyi da shi.

Akwai kuma abin da ba ya jiran hukuma. A ƙasar Gini an gwada shi a ƙauyuka 20, aka ba da rahoto a 2005. A rabin ƙauyukan an koya wa manoma su tsince gyaɗar da ta lalace da hannu, su shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, su tabbata ta bushe sarai, su zuba a buhun algarara maimakon na leda, su ɗora buhunan a kan katako, su kuma sa maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Bayan wata biyar, gubar da ke jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ba ta kai rabin ta sauran ƙauyukan ba. Ɗaya rabin haɗarin kuma yana da allura. Nijeriya ta sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran yara tun 2004, kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma ta farko ana so a yi wa jariri ita cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haife shi.